Shirun jel ba amsa ba ne: yadda na tura mazajen dabino 43 gona da sunan mata

Hoton ya shigo wayata da sassafe cikin Janairu, ana tsakiyar hunturu. Kwanson furen dabino ne da ya tsage, gajere mai faɗi, furannin ciki farare a cunkushe, garin fure ya yi wa yatsun mai riƙe da shi fari kamar ya taɓa alli. A ƙasan hoton Alhaji, mai gonar da na yi wa gwajin DNA don tantance jinsin dabinonsa, ya rubuta: "Malam, wannan ai lamba 117 ce, wadda takardarka ta ce mace ce." Ban ma buƙaci zuwa gonar ba. Furen mace ko kusa bai yi kama da wannan ba. Nata 'yan ƙulu-ƙulu ne masu ɗan ɗorawa-ɗorawa, a wawware a jikin tsinke, ba gari, ba wannan ƙamshin. Kafin sanyin shekarar ya fita, hoto irin wannan goma sha tara ya aiko mini. Da na sake gwada gonar gaba ɗaya, lissafin ya tsaya a 43.

Bishiya 43 da aka yi shekara huɗu da rabi ana ba su ruwa da taki, ana cire musu ƙaya, ana jiran 'ya'ya, alhali har abada ba za su yi ko ƙwara ɗaya ba. Kuma ni na sa hannu a takardar.

Duk wanda ya taɓa shuka dabino daga ƙwallo ya san inda matsalar take. Rabin abin da ya tsiro maza ne, kuma ba ka sanin wane ne wane sai sun yi fure, shekara huɗu zuwa bakwai, wani lokaci fiye. Gona kuwa ba ta buƙatar maza da yawa. In da hannu ake barbara, namiji ɗaya mai kyau yana isar mata arba'in zuwa hamsin. Dabarun da ake faɗa a kasuwa, na siffar ƙwallo da taurin ƙayar ganye da saurin tsiro, na sha ɗora su a kan bishiyoyin da aka riga aka san jinsinsu, ban ga wadda ta fi canki-canka ba. Shi ya sa masu gona a wajen Dutse da kewaye suke sha'awar gwajin DNA tun tsiro yana cikin leda.

Ilimin da gwajin ya hau kansa ba shi da laifi, wannan ina so ya fito fili tun yanzu. Dabino yana da kuromosom 36, wato ƙunsoshin da DNA ke ciki, tsarinsa kuma irin namu ne: mace XX, namiji XY, sai dai a madubin ƙara girma ba ka iya ware X daga Y cikin sauƙi. A 2011 masu bincike na Weill Cornell da ke Doha suka fitar da jerin DNA na macen Khalas, suka nuna wuraren da ke tafiya tare da jinsi. A 2013 wata tawaga ta Tunisiya da Faransa ta fito da alamomi uku na maimaitattun haruffa, mPdIRDP50 da mPdIRDP52 da mPdIRDP80, waɗanda suka tabbatar da tsarin XY. A 2018 kuma mutanen Doha suka bi dukan nau'o'i 14 na dangin Phoenix, maza da mata, suka sami ƙwayoyin gado huɗu a yankin Y da kowane namiji yake ɗauke da su. Biyu daga ciki, CYP703 da GPAT3, mata ba su da su sam, kuma an san aikinsu a shinkafa: su ne ke gina bangon garin fure da jakar da yake ciki. Na uku, LOG, yana kunna saitokainin, sinadarin da ke sarrafa girman tsiro, kuma ana kyautata zaton shi ke danne gaɓar mace a furen namiji. Dama toho na dabino da gaɓoɓin jinsi biyu yake farawa, daga baya ɗaya ta tsaya da girma.

A kan GPAT3 na tsara firaimata, wato ɗan guntun DNA da ke nemo wurin da za a kwafa a PCR, hanyar ninka DNA a na'ura, tana ba da layi mai tsawon haruffa kusan 300 a kan jel, daskararren faranti mai ramuka da ake zuba samfuri a ciki don a ga sakamako. Na gwada ta a kan manyan bishiyoyi ashirin da kowa ya san jinsinsu, maza goma mata goma. Maza goma suka ba da layi, mata goma ba su ba da komai ba. Na yi murna, na ce an gama.

Abin da ban tsaya na yi tunaninsa ba shi ne ma'anar "ba su ba da komai ba". Irin wannan alama ta akwai-ko-babu magana ɗaya kawai take iya yi. In layi ya fito, namiji ne. In bai fito ba, to ko dai mace ce, ko kuma gwajin ne bai yi aiki ba, kuma a kan jel su biyun kamarsu ɗaya sak: rami baƙi wulik. Ni kuwa duk ramin da ya yi shiru sai in rubuta masa "mace".

Tsiro 300 aka kawo, 'yan wata bakwai zuwa takwas, kowanne da ganye uku ko huɗu. Na raba aikin kwana shida, hamsin-hamsin. Kwana biyun farko da kaina na je na yanko ganye, daga farin gindin sabon ganyen tsakiya, na sa a ƙanƙara, na niƙa da ruwan naitirojin a ranar. Curin DNA ya sauka fari tas a gindin kwalba. A rana ta uku naitirojin ya ƙare, hodar PVP mai kare DNA daga ƙazantar ganye ma ta ƙare, ban kuma samu zuwa gona ba, sai na ce yaran gonar su yanko su aiko. Suka yanko tsofaffin ganyayen waje, kore shar masu tauri, don su suka fi sauƙin kamawa, suka ɗaure a baƙar leda, ledar ta yi awa biyar a bayan mota. Da na kwance, ganyen ya yi gumi, bakin yankan ya koma ruwan ƙasa. Na niƙa da yashi a turmin tangaran a zafin ɗaki, ba PVP, na ci gaba. Curin ya fito kalar shayi ba madara, da na zuba ruwan narkarwa sai ya riƙa yauƙi yana bin bakin fifet, abin ɗibar ruwan gwaji, kamar miyar kuɓewa.

Na ga wannan da idona. Na auna ma. Ma'aunin tsabtar DNA na 260/280 ya nuna 1.7 zuwa 1.8, na ce ba laifi. Na 260/230 yana nan a gefe yana nuna 0.8, wasu 0.6, inda ya kamata a ga 2.0 ko kusa da haka, amma ban ba shi muhimmanci ba, domin a lokacin na ɗauka PCR ba ta da tsirfa, ko yaya DNA yake za ta ci. Ganyen dabino kuwa cike yake da sinadarin folifenol da sikari mai sarƙa. In ganye ya ji rauni ya sha iska, folifenol yakan ƙone ya manne wa DNA, ya kuma hana Taq, sinadarin da ke kwafar DNA a PCR, aiki. Sikarin mai yauƙi shi ma haka. Aikin PVP ke nan a cikin ruwan niƙa, ya kama folifenol kafin ya kama DNA. Na cire mai gadi, na kuma ninka ɓarayi.

Sakamako ya fito: 108 da layi, 192 babu. Alhaji ya yi ta godiya, ya ce irinsa mai albarka ne, mata sun rinjayi maza. Ni ma har da taya shi murna. Wannan ne wurin da har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni, domin ba a buƙatar ɗakin gwaji kafin a gane akwai matsala, lissafin sakandare ya isa. In ka jefa kwabo sau 300, abin da ake sa rai fuska ɗaya ta fito sau 150 ne, kaucewar da aka saba gani kuma ba ta wuce tara sama ko ƙasa. Ni na kauce da 42, kusan ninki biyar. Irin wannan ba ya faruwa don sa'a. Da na koma kan hotunan jel daga baya, sai ga wani na rana ta huɗu da ramuka goma sha huɗu a jere ba layi ko ɗaya. Yiwuwar a sami mata goma sha huɗu a jere ɗaya ce cikin 16,384. Jel ɗin kansa yana yi mini hannunka-mai-sanda, ni ina ƙirga mata.

Wani zai ce ai akwai samfurin namiji sananne a kowane jel. Akwai, kuma kullum yana fitowa raɗau. Sai dai DNA ɗinsa tsabtatacce ne, tun na farko da na cire da naitirojin. Abin da yake shaidawa kawai shi ne haɗin ruwan PCR yana da rai, na'ura kuma ta yi zagayenta. Bai san komai ba game da abin da ke cikin kwalba mai lamba 117. Shaidar da ake buƙata tilas ta kasance a cikin kwalba ɗaya da samfurin, ta sha wahalar da yake sha.

Abin haushin shi ne ba sabon ilimi ba ne. Masu gwajin jinsin tsuntsaye sun daɗe da wuce wannan wurin. A tsuntsu mace ce mai ZW, namiji ZZ, firaimar P2 da P8 da aka fitar a 1998 kuma tana kama ƙwayar gadon CHD1 a kan Z da W duka, don haka namiji layi ɗaya, mace biyu, rami ba layi kuwa kowa ya san gwaji ne ya faɗi. Masu neman SRY, ƙwayar gadon namiji a dabbobi masu shayarwa, ba sa gudanar da shi shi kaɗai, sai sun haɗa da wata alama da kowane jinsi yake da ita. A gwanda ma, alamomin T12 da W11 da ke fitowa a namiji da mata-maza tare da T1 aka fitar da su, wadda ke fitowa a kowa. Su kansu alamomin dabino na 2013 suna nuna kwafin X da na Y ne gaba ɗaya, wato da shaidarsu a jikinsu. Na guje su ne don bambancin tsawon 'yan haruffa ne, agaros, jel ɗin da muke amfani da shi, ba ya raba su da kyau, sai jel na foliakirilamaid ko na'urar siririn bututu, mu kuwa ba mu da ita. Na zaɓi mai sauƙi, ban biya kuɗin sauƙin ba.

Alhaji ya dasa 192 ɗin nan da maza takwas a hekta biyu, tazarar mita goma-goma. Sauran maza ɗari aka zubar.

Da hotuna suka fara shigowa na buɗe firiza. Allah ya taimake ni ragowar DNA na duk 300 yana nan, duk da ɗauke wutar da ya sha. Na ƙara firaimar shaida, wadda ke ba da layi a kowane jinsi don nuna gwajin ya yi aiki, na sake gudanarwa. A nan ma saura ƙiris in sake faɗawa rami na biyu, kuma wannan ramin ya fi na farko ɓoyuwa, don haka a saurara.

Shaidar da na fara ɗauka ƙwayar gado ce mai suna rbcL, don ita ke cikin firiza kuma kowane tsiro yana da ita. Na gudanar, sai ga layin shaida a kusan duk ramukan, har da lamba 117 wanda na riga na ga furensa da idona, layin namiji kuwa babu. Da ban san 117 namiji ne ba, da na ce an tabbatar mace ce, har da shaida. Dalili kuwa rbcL a cikin kulorofilas take, wato ɗigon da ke sa ganye kore, ƙwayar ganye ɗaya tana ɗauke da ɗaruruwa har dubban kwafinta, GPAT3 kuwa kwafi ɗaya tak a ƙwaya, tunda Y ɗaya ce. Taq da folifenol ya galabaitar yana iya lallaɓawa ya kwafi abin da ke da kwafi dubu, ya kasa wanda ke da ɗaya. Shaidar da ta fi wanda take yi wa shaida ƙarfi ba ta da amfani. Dole ta zama daga cibiyar ƙwaya, mai kwafi kaɗan, kuma layinta ya fi na namiji tsawo, domin dogon layi ne ke fara mutuwa in DNA ya kakkarye ko ya ƙazantu. In dogon ya fito, ba abin da zai hana gajeren fitowa in har akwai shi.

Na koma na tsara shaida a kan wata ƙwayar gado ta cibiya, layinta kusan haruffa 500. Sannan na daidaita ƙarfinsu, don in firaima biyu suna kwalba ɗaya gasa suke yi a kan Taq da dNTP, tubalan ginin DNA, kuma shaida tana da kwafi biyu a ƙwaya, namiji ɗaya. Firaimar namiji na bar ta a maikuromola 0.4, ta shaida na sauke ta zuwa 0.1. Yadda na tabbatar daidaiton ya yi: na ɗauki DNA na namiji sananne na yi ta tsarma shi, nanogiram 50, 10, 2, 0.4, sannan a wani jerin na riƙa gauraya shi da ƙazamin DNA na mace mai kalar shayi, ina ƙara yawan ƙazamin. Abin da ake nema shi ne a kowane jeri layin shaida ya riga na namiji ɓacewa. In aka sami rami ko ɗaya da shaida ta fito namiji bai fito ba, haɗin bai yi ba, a sake rage firaimar shaida. Sau uku na sake kafin ya zauna.

Da wannan haɗin, cikin 192 da na kira mata, 110 ne kawai suka ba da layin shaida. Sauran 82 shiru. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk aikin bai taɓa yin aiki ba tun farko, kuma 71 daga cikin 82 ɗin na rana ta uku da ta huɗu ne, ranakun baƙar leda. Na tsarma su kashi ɗaya cikin goma da ruwa, na ƙara BSA, furotin da ke kama masu hana Taq aiki, nan take fiye da rabinsu suka buɗe baki. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, domin maganin ruwa ne kawai. Tsarmawa tana rage mai hana aiki zuwa inda Taq zai iya numfashi, DNA ɗin da ya rage kuma ya isa. Ni kuwa a wancan lokacin in samfuri ya yi mini wuya ƙara masa yawa nake yi, ina ƙara guba da hannuna. Waɗanda suka ƙi ko da tsarmawa na je gona na yanko sabon ganye. Ƙarshe 82 suka rabu 43 maza, 39 mata. In ka haɗa, maza 151, mata 149. Irin Alhaji bai fi na kowa albarka ba.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ba na sassautawa ko da mai gona yana tsaye a kaina.

Ganye daga sabon ganyen tsakiya, ɓangaren da ke kusa da gindi inda bai gama yin kore ba, tsawon ɗan yatsa. A yi hankali kada wuƙa ta sauka cikin zuciyar tsiron, dabino wurin girma ɗaya gare shi, in ya mutu shi ke nan. A goge almakashi da barasar gwaji tsakanin tsiro da tsiro, don ɗigon ruwan namiji a kan samfurin mace yana iya fito da layi. In ba za a niƙa a ranar ba, a yayyanka ganyen sirara, a sa a ambulan na takarda, a binne cikin silika, ƙwayoyin nan masu shanye laima, nauyin silika ya ninka na ganye sau goma. Leda ba ta shiga wannan aikin. Busasshen ganye miligiram 20 zuwa 30 ya isa, ɗanye kuwa 100. Wanda ya zuba fiye da haka yana ganin zai sami DNA da yawa, ƙazanta zai samu.

Ruwan niƙa: CTAB, sinadarin da ke fasa ƙwayar ganye, kashi 2 cikin ɗari, Tris milimola 100 a pH 8, EDTA milimola 20, gishiri mola 1.4, PVP kashi 2, sai makaptoyitanol kashi 0.2 da ake zubawa a ranar aiki, ba a ajiye shi a ciki. In ganyen ya fara tsufa ina kai gishirin mola 2, yana taimakawa wajen barin sikarin a ruwa lokacin da DNA ke sauka. Digiri 65 na minti 45, ana jujjuyawa duk minti goma. Kulorofom da aisoyamil 24 da 1, sau biyu ba sau ɗaya ba, kuma wajen ɗebo ruwan sama gara a bar kaɗan da a taɓo farin tsakiya. Aisofurofanol mai sanyi kashi biyu cikin uku na ruwan, minti talatin ya isa. Barinsa ya kwana a firiza yana ƙara yawan curi, amma da ƙazanta yake ƙarawa. Wanki da itanol kashi 70 sau biyu. Ranar da babu PVP, ranar babu aiki. Curin da ya fito ruwan ƙasa ko mai yauƙi, ko 260/230 ya gaza 1.5, ba ya shiga PCR sai an tsarma shi ko an sake cirewa.

PCR a maikurolita 20: DNA nanogiram 20 zuwa 30, maganiziyam milimola 2, dNTP 0.2, Taq yunit ɗaya, BSA maikurogiram 0.5 a kowace maikurolita. Digiri 95 minti uku, sannan zagaye 35 na 95 daƙiƙa 30, 58 daƙiƙa 30, 72 daƙiƙa 45, a rufe da minti biyar a 72. Digiri 58 ɗin na firaimata ne, kowa ya nemi nasa. Agaros kashi 2, a bar shi ya yi tafiya sosai har 300 da 500 su rabu fili. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagaye, ba a ci gaba daga inda aka tsaya, a zubar a sake.

Takardar sakamako kuma yanzu gida uku gare ta. Layi biyu, ko layin namiji shi kaɗai: namiji. Layin shaida kaɗai, mai haske sosai: mace. Babu layi, ko shaida dishi-dishi: ba a sani ba. Gidan nan na uku shi ne duk abin da na rasa a wancan karon. Duk wadda zan kira mace sai ta fito haka sau biyu, daga niƙa biyu daban, domin kuskuren nan ba nauyinsu ɗaya ba. In ka kira mace namiji, an yi asarar tsiro ɗaya a leda. In ka kira namiji mace, an yi asarar rami da ruwa da shekara biyar. Kafin takarda ta fita daga hannuna kuma sai na ƙirga kowace rana daban. A hamsin, in wani jinsi ya wuce 32, ina tsayar da ranar in bincika. Ina kuma gauraya lambobi a jel, kada samfuran rana ɗaya su jeru, in saka makafin samfura biyar daga manyan bishiyoyi waɗanda wani ya san jinsinsu ni ban sani ba, a yanko su a kuma ɗauko su yadda aka ɗauko sauran. Bishiyoyi ashirin da na gwada firaimata a kansu tun farko duk da hannuna na yanko su, a ƙanƙara, da naitirojin. Firaima na gwada a ranar, ban gwada baƙar leda ba.

Lambar tsiro a kan ƙyallen alminiyam ake karce ta, a ɗaura da waya. Rubutun maka a jikin leda rana tana cinye shi cikin wata uku.

Maganar gonar kuwa, dabino ba mangwaro ba ne da za a sare namiji a yi masa aure da reshen mace. Dangin giginya da goruba ba su da wannan ɓawon mai rai da ke haɗa aure, don haka sai dai tumɓukewa. Kafin a tumɓuke na roƙi Alhaji ya bar su su yi fure ɗaya mu gani, tunda asarar ta riga ta faru. Maza takwas da muka dasa da gangan ba a zaɓe su da komai ba sai layin jel, yanzu kuwa ga maza 51 a gabanmu da za mu tace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a dabino garin fure yana taɓa 'ya'yan kai tsaye, girmansu da lokacin nunarsu, ba ƙwallo kaɗai ba, abin da masana suka sani tun shekarun 1920. Muka duba wanda ke riga mata fure, mai manyan kwanso, mai gari da yawa, wanda furensa ba ya kakkaɓewa in an yanke. Na shuka garin kowanne a ruwan sikari kashi 15 da ɗan borik, na ƙirga waɗanda suka fitar da bututu bayan kwana ɗaya. Shida muka bari, kuma huɗu daga cikinsu daga 43 ɗin kuskure suka fito. Uku daga cikin takwas na asali ba su da gari na kirki. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, maza huɗu nagari ba sa biyan rami 39.

Tunda an tara gari, sai muka gyara yadda ake barbarar. A yanke kwanson namiji da ya fara tsagewa, da safe, a shanya tsinkayen a inuwa a kan takarda inda ba iska, kada rana ta taɓa su. Wanda za a ajiye a bushe shi sosai, a sa a kwalba mai murfi da silika, a firji yana kai shekara. A soka tsinke uku zuwa biyar a tsakiyar furen mace, kansu a ƙasa, a ɗaure saƙwa-saƙwa, cikin kwana biyu zuwa huɗu da tsagewar kwansonta. In aka makara, gaɓoɓin nan uku na furen duk sai su girma tare su ba da 'yan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo da ba sa nuna da kyau, maimakon ɗaya ta girma biyu su bushe.

Akwai kuma abin da ban gaya wa Alhaji da ƙarfi ba tun farko, wanda ya kamata in gaya masa ko da gwajin bai sami matsala ba. Gwajin jinsi jinsi kawai yake faɗa. Macen da ta fito daga ƙwallo ba uwarta ba ce, rabin gadonta na uban da ba wanda ya sani ne. Cikin 149 da suka tabbata mata, waɗanda suka fara 'ya'ya sun nuna haka: wata zaƙi da tsoka, wata ƙwallo da fata, wata tana nuna da wuri, wata sai damina ta same ta. Mai son iri tabbatacce 'yar gindi zai cire daga uwar da ya ɗanɗana, ita ce ke zuwa da jinsin uwa da ɗanɗanonta, ko kuma tsiron da aka raina a kwalba a ɗakin gwaji daga irin da aka sani. Amfanin gwajin DNA yana wurin mai neman sabon iri ne, ko wanda bai da hanyar samun 'yan gindi da yawa.

Ramukan da aka tumɓuke maza duk 'yan gindi muka sa, daga mata bakwai da Alhaji ya zaɓa da bakinsa, kowace mai nauyin kilo goma zuwa sama da saiwarta. Kuɗin cirewa da dasawa ni na biya, ya ƙi karɓa sau biyu, na uku na ba babban yaron gonar. Ba duka suka kama ba, tara sun bushe a bazarar farko, za a sake su in ruwa ya sauka.

Makon jiya aka kawo mini tsiro 120 daga wata gonar. Maza 55, mata 58, bakwai a gida na uku. Mai gonar ya kira ya ce, "Malam, bakwai ɗin nan ka dai duba ka faɗa mini abin da ka fi zato." Na ce masa ya aiko da sabon ganye a ambulan, da silika.